Koren Ƙyallen Teburin Kawu Na'Allah

Shagari, Litinin, 7 ga Oktoba

Zuwa ga bawana, Malam Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Talatu da yara, da ɗaliban da Allah ya jarrabe su da kai. Mu nan lafiya lau, sai jikin Baba.

Na kira wayarka har na gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na ɗauki biro, zan ba Nasiru direba ya sauke maka a tashar Boɗinga. Na san ma ka fi son haka. Kada ka ga an jima ba a haɗu ba ka ɗauka ka 'yantu. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ita mace shi namiji, don haka bautar tana nan a wuyanka, kuma yau ina da aike.

Ka san ɓarin jikin Baba na dama ya shanye wata biyu bayan rasuwar Inna Shatu. Magana ta ɗauke, sai kalma ɗaya ɗaya. Da yana ɗan taɓa abinci, amma sati uku ke nan cokali biyu na kunu ne iyakarsa, wani lokaci ma ya kau da kai. Ya rame har zoben azurfarsa ya zame ya faɗi a tabarma. Malamin asibiti ya ce ba ciwon ba ne ke hana shi ci, shi ne ba ya so.

Kalma ɗaya yake maimaitawa, safe da yamma: teburina. Na kawo masa teburin rediyo, ya ture. Na aro na maƙwabta, ya rufe ido. Sai shekaranjiya da na ce, ko na Boɗinga? Ya riƙe hannuna gam. To ni ban san wani teburi a Boɗinga ba sai wancan na sunuka da ake cewa ya bari a gidan mahaifinka, marigayi Malam Sodangi, tun kafin a haife ni. Ban san me mutumin da ba ya iya ɗaga cokali zai yi da sanda da ƙwallaye ba. Amma idan yana nan, ka kawo shi. Ina ganin idan ya gan shi zai ci abinci, kuma ba ni da wata dabara bayan wannan.

Uwargijiyarka,
Hauwa'u Na'Allah

Boɗinga, Alhamis, 10 ga Oktoba

Zuwa ga uwargijiyata Hauwa'u, wadda ba ta tuna bawanta sai kaya ya yi nauyi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da ɗigon manja a kusurwa, alamar Nasiru ya kula da ita yadda yake kula da fasinja. Muna lafiya. Talatu tana gaishe ki, ta ce Allah ya ba Kawu sauƙi. Wayata tana wurin mai gyara tun watan jiya, kuma tun ranar nake barci kamar jariri.

Teburi yana nan. Ɗakin bayan zaure, wanda muka tashi ana hana mu leƙawa. Makulli ya ɓata, na sa aka fasa kwaɗon. Na same shi ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi da takardun jarrabawar yaran da yanzu suna da jikoki. Kaza ta taɓa yin kwanci a ɗaya daga cikin ramukan shida, ta bar shaida.

Ga tarihin kamar yadda na ji daga Babana, Malam Sodangi. Lokacin da Kawu yake tuƙin babbar mota, wasu ma'aikatan kamfanin hanya suka tashi, suka sayar da kayan kulob ɗinsu, ya ɗauko wannan. Ya kafa shi a ɗakin nan, samari suna sa sule suna bugawa. Bayan 'yan shekaru dattawan unguwa suka ce caca ce. Kawu ya ce lissafi ne. Dattawa suka fi shi yawa.

Ki san irin abin da kika aike ni. Ba teburi ba ne irin na rediyo. Akwati ne na katako mai tsawon gadon mutum, a cikinsa akwai falalen dutse guda, a kan dutsen an manne koren ƙyalle. Mu huɗu muka gwada ɗaga kusurwa ɗaya, kusurwar ba ta ma san mun zo ba. Ƙwallayen suna kulle a cikinsa, idan na buga gefe ina jin suna amsawa. Ba sa fitowa sai an sa sule, tsohon kwabo goma, an tura wani ƙarfe. Na zagaya kasuwa ina tambayar sule, wani yaro mai shago ya ce wane Sulen, na gidan wa.

Sannan ƙofa. Bayan hukuncin dattawa, Baba ya sa magina suka rage ta da bulo. Na auna ta sau uku da igiya, na auna teburin sau uku. Na karanta labarin garuruwan da aka yi wa ƙawanya, ban taɓa karanta na teburin da aka gine a ɗaki ba. Sai an rushe bango.

Ƙyallen kuwa ya zama kalar miyar kukar da ta kwana uku. Kusa da ramin kusurwar hagu akwai wani faci kamar tafin hannu, na shuɗin zane mai ratsi, a kan kore. Ɗinkin kamar sawun kaza a taɓo. Wanda ya yi shi, ko dai sauri yake yi, ko fushi, ko duka biyun. Ya kamata a ce an karɓe allura daga hannunsa tun a lokacin.

Ki ba ni sati biyu. Ki gaya wa Kawu teburinsa yana hanya, ko zai ƙara cokali ɗaya don ya jira shi.

Bawanki mai haƙuri,
Sharhabilu

Shagari, Lahadi, 13 ga Oktoba

Malam Sharhabilu,

Sallama da gaisuwa. Na gaya wa Baba, kuma ya sha rabin kofi ranar Juma'a, jiya ma haka. Allah ya saka maka. Wannan kaɗai yabon da za ka samu, ka adana shi.

Goggo Halima, ƙanwar Baba, ta zo daga Horo Birni za ta kwana biyu. Na karanta mata takardarka don ta yi dariya. Ta yi, har na kai wurin faci. Nan ta ajiye goronta ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, “Ɗinkin Shatu na. Ina nan aka yi shi.”

Ga abin da ta ba ni. Shekarar da aka kawo Inna amarya, a Boɗinga suka zauna, a ɗakin haya kusa da gidanku. Inna ta tsani teburin nan kamar me, don Baba yana dawowa daga tafiya can yake fara sauka kafin gida. Wata rana ya kuskure, sanda ta yaga ƙyallen. Ba mai sayar da irinsa, samari suka watse, Baba ya kwana biyu ba ya cin abinci. Ka ji, tsohon hali ne. Inna ta ce Allah ya ƙara. Ranar Juma'a kuma, da maza suka tafi masallaci unguwa ta yi tsit, ta ja Goggo ta tsaya mata gadi a bakin zaure, ta shiga ɗakin da mace ba ta taɓa shiga ba. Ba ta da koren ƙyalle, sai ta yanki bakin zanenta na lefe. Tana ɗinki tana zagin teburin da mai shi, tana tambayar Goggo ko an sallame. Da ta gama ta ɗauki sule guda a kan taga, ta ce ladan ɗinkinta ne. Har ta rasu ba ta taɓa ce masa ita ce ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, alhali kullum yana ganin zanen da guntun baki a jikinta.

Goggo ta ce daga ranar ƙwallo idan ta hau facin sai ta karkata, kuma Baba kaɗai ya san inda za ta nufa. Babu wanda ya ƙara cin sa a teburin.

Don haka ka yi gaskiya, sauri take yi da fushi. Amma maganar karɓe allura, za mu yi ta idan mun haɗu.

Yanzu na gane abin da yake nema. Ka kawo teburin yadda yake, da ƙurarsa da kashin kazarsa. Kada ka goge, kada ka gyara, kada ka bar kowa ya taɓa ƙyallen nan. Tunda ka ce sati biyu, na san takardar za ta riske ka da sauran lokaci.

Hauwa'u

Boɗinga, Juma'a, 18 ga Oktoba

Uwargijiyata,

Sallama. Ina fatan jikin Kawu da sauƙi. Ban ji daga gare ki ba tun takardata ta ranar goma, na ɗauka shirun yarda ne, ko kuma na mamakin ƙwazon bawanki. Ina rubuta wannan a kwance a kan cikina, dalili yana zuwa.

Na ce sati biyu, na gama a kwana takwas. Kuma na yi abin da ba ki sa ni ba. Na zauna na dubi teburin nan na ce, a-kori-kura za ta tsaya a ƙofar gidan Kawu da rana tsaka, rabin Shagari su fito kallo, a sauke wannan tsumma a ce ga abin da ɗan Malam Sodangi ya kawo wa kawunsa. Ko tuwo za ka kai wa babba sai ka sake kwano. Ba a gaida dattijo da kaya a yage. Sai na yanke shawarar a yi masa sabuwar riga.

Na shiga Sakkwato na yi yini guda ina bin masu gidajen sunuka, har aka nuna mini wanda ke sayar da ƙyallen. Kore shar, kamar gero a watan Agusta. Mai sakawa ya tafi Kaduna, sai na dawo gida na ɗauki Bashar mai ɗinkin kujerun kushin. Bai taɓa ganin cikin irin teburin ba, amma ya ce duk abin da ke da ƙafa huɗu da ƙyalle ɗan gidansu ne.

Mun kwance katakan gefe masu roba. Mun rushe bangon da Baba ya gina, ina neman gafararsa da kowane bulo. Dutsen kuwa sai da na roƙi mahauta shida daga kasuwa, mutanen da suka saba juya sa. Aka rasa mutum ɗaya, sai ga wani bawan Allah daga Kajiji, Badaru, ya kawo itace a kan jakunansa, ya ajiye ya kama mana. Ni na zama na takwas don kada a ce malami baki ne kawai. A nan bayana ya yi wata ƙara irin ta busasshen kara, kuma tun daga lokacin nake kallon duniya daga tabarma.

Sauran aikin daga kwance na jagorance shi. An ɓamɓare tsohon ƙyallen, an kankare gam da wuƙar mahauta. Sabon yana da fuska biyu, ɗaya mai gashi-gashi ɗaya sumul, muka yi sa'a guda muna gardamar wacce ce sama. Mahauta suka rabu gida biyu. Na duba ƙwaƙwalwata, duk littattafan da na karanta babu mai babin wannan, sai muka bi ra'ayin mafi tsufa. Na ɗan rufe ido, na buɗe na tarar Bashar yana shimfiɗa soso a kan dutsen. Ya ce shekara ashirin bai taɓa sa ƙyalle a kan abu mai tauri ba, mutane za su ce ya yi ha'inci. Har maɓallai ya zo da su. Da ƙyar na raba shi da su. Amma da ya kama ja, daga tsakiya zuwa gefe, yana tsaga wurin ramuka yana naɗewa ƙasa, sai na ga gwani. Babu tamoji ko ɗaya. Idan kika shafa kamar goshin jariri.

Tsohon tsumman na ba Badaru, don ya ƙi karɓar komai. Ya yi ta godiya kamar na ba shi rigar sarauta.

Sule har yanzu babu. Bashar ya so ya ɓalle gefen ya fito da ƙwallayen, na ce a'a, abin Kawu ne, ba za a ɓata masa komai ba.

Jibi Lahadi zai iso, Bashar zai rako shi ya daidaita ƙafafun. Na so in zo in ga fuskar Kawu, baya ya hana. Ki rubuto mini yadda ya yi, kada ki rage komai.

Bawanki da ya cancanci 'yanci,
Sharhabilu

Shagari, Litinin, 21 ga Oktoba

Sharhabilu,

Sallama. Ka ce kada in rage komai, ba zan rage ba.

Takardarka da teburin tare suka iso, Bashar ya miƙo mini ita ana sauke kaya. Ina karantawa a tsaye ana kwance igiya. Na kai wurin sabuwar riga daidai lokacin da aka yaye tamfol.

An shigar da shi zaure. Bashar ya ɗora farantin ruwa a tsakiya, yana cusa fasassun tayil a ƙarƙashin ƙafafu har ruwan ya tsaya daidai. Mutane sun taru, kowa yana sa maka albarka. Na rasa yadda zan yi. Baba ya ji hayaniya tun daga ɗaki, yana ta nuna ƙofa. Ranar da safe ya sha kofi guda cur, ya bari an yi masa aski, ya nuna farar rigarsa aka sa masa.

Aka ɗauko shi a kujera. Bai dubi koren ba, bai dubi mutane ba. Ya sa aka zagaya da shi kusurwar hagu, ya ɗora hannunsa mai lafiya, ya shafa. Ya matsa gaba kaɗan ya shafa. Ya nuna a kai shi ɗaya kusurwar, ko an juya teburin. Sai da muka zagaya duka huɗu. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ya nuna ɗaki.

Tun daga lokacin ko ruwa sai da dabara. Ya daina cewa teburina. Malamin asibiti ya zo ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce wannan ba abinci ba ne, jinkiri ne kawai.

Na rubuta maka baƙi a kan fari kada ka taɓa ƙyallen. Na gaya maka na wane ne. Ban gane ba, ka karanta ka ga ka fi ni sani ne, ko kuwa kunyar mutanen Shagari ta fi maka Baba? Goggo ta ce in bar ka, ba da mugunta ka yi ba. Na sani. Da da mugunta ne da na san abin da zan ce maka.

Zan ba Bashar wannan ya kawo maka hannu da hannu.

Hauwa'u

Boɗinga, Talata, 22 ga Oktoba

Hauwa'u,

Sallama. Bashar ya kawo takardarki jiya da la'asar. Na karanta sau huɗu ban fahimci komai ba. Wace takarda? Na wane? Na tambayi Talatu ko ta ɓoye mini wani abu, na sa ta zazzage jakata da aljihunan rigunana. Na fara zargin ciwon bayan ya hau kaina.

Yau da hantsi sai ga Nasiru da sallama, yana murmushi, da takarda mai kwanan watan sha uku. Motarsa ta lalace a ranar da kika ba shi, ta yi kwana takwas a gareji, takardar tana cikin aljihun gaban motar tare da goro da rasit. Ya ce ai ga ta ta iso lafiya, ko lanƙwasa babu.

Na karanta. Na kai wurin zanen lefe, na tuna abin da na rubuta game da allura. 

Abin da na sani game da mutumin: sunansa Badaru, daga Kajiji, yana da jakuna. Gobe da asuba zan tashi. Talatu ta ɗaure mini baya da rawani. Ki ci gaba da ɗiga wa Kawu ruwa, kada ki yi masa alkawarin komai tukuna.

Sharhabilu

Tashar Shagari, Alhamis, 24 ga Oktoba

Hauwa'u,

Sallama. A teburin mai shayi nake rubuta wannan, ina hango kan titin gidanku. Yanzu zan kawo ƙunshin in ba Goggo a zaure in juya. Kada ki aiko a kira ni, ba ni da idon da zan dubi Kawu.

Na isa Kajiji jiya a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu wanda ya san kowane rami a hanyar kuma ya gaishe su duka. A Kajiji masu jakuna da ake kira Badaru har mutum uku ne. Na farko ya sayar da nasa bara. Na biyu kurma ne. Na ukun ya tafi daji. Sai na tsaya a inda ake ɗaure jakuna ina ɗaga akumari ɗaya bayan ɗaya ina leƙa ƙarƙashi. Wasu suka ce malamin dabbobi ne, suka fara kawo mini awaki masu zawo. Wasu suka ce mai ƙidayar haraji ne, suka fara kwance jakunansu suna sulalewa. Wani dattijo ya tambaye ni me nake nema, na ce faci. Ya dubi rawanin da ke ƙuguna maimakon kaina, ya yi mini addu'ar samun sauƙi.

Da yamma Badaru ya dawo, kuma tun daga nesa na hango kore a bayan jakunansa. Ya yanka ƙyallen gida huɗu, kowane jaki da rabonsa, ya ce tun da ya sa musu babu wanda ya yi gyambo. Muka sauke kaya, na shimfiɗa guda huɗun a ƙasa na haɗa su kamar taswira. A kusurwar hagu akwai rami mai kusurwa huɗu, an yanke da almakashi tsaf. Facin babu. Na zauna a ƙasa a wurin. Badaru ya rantse bai san da wani faci ba, ya ce uwargidansa ce ta yanka masa.

A gidansa na kwana. Yau da safe ya shiga ya yi mata bayani, ta zo ta tsaya bayan zana, sunanta Mairama. Na gaishe ta, na tambaya. Ta ce, “Wanga ɗinkin mace na, kuma zanen aure na. Ba a aza ma jaki.”

Ta ce tana shimfiɗa ƙyallen ta gan shi, ta gane irin zanen, don uwarta ta yi irinsa. Ta yanke shi da ɗan kore a kewaye, ta wanke, ta sa a akwatinta. Ba ta san don me ba, ta ce, ta dai ga bai kamata ba. Sai ta ce ba za ta bayar ba sai ta ji na wace ce. Na ba ta labarin kamar yadda kika rubuta, da Juma'ar, da gadin Goggo, da sulen. Ta tambaya matar tana da rai? Na ce ta rasu. Ta ce mijin fa? Na ce yana nan, amma ya daina cin abinci. Sai ga hannu ya miƙo ƙunshi ta saman zana.

Na kasa yin shiru, kin san halina. Na ce ɗinkin dai ya ɗan karkace. Ta ce, “Malam, kai ka iya ɗinki?” Na ce a'a. Ta ce kowane ɗinki sau biyu aka bi shi, gaba da baya, shi ya sa koren ya mutu shi bai saki ba.

Ta haɗo da fura a ƙaramar ƙwarya, ta ce a dama wa mai jiki. Na ce mata ba ya ci. Ta ce a dai kai.

Ban san ko guntun ƙyalle zai yi abin da teburi guda ya kasa ba. Ni dai yanzu ban san komai ba, kuma wannan sabon abu ne a wurina.

Sharhabilu

Shagari, Asabar, 26 ga Oktoba

Zuwa ga bawana, Malam Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Ya bayan? Goggo ta ce ta ga mutum a dunƙule kamar lauje ya ajiye ƙunshi ya gudu, ta kira shi bai waiwaya ba.

Na kai wa Baba a ranar. Yana fuskantar bango, na buɗe tafin hannunsa na sa masa. Ya jima yatsunsa suna bin ɗinkin, layi bayan layi, idonsa a rufe. Sannan ya juyo. Ya nuna ƙofa.

Muka kai shi zaure, ni da Goggo da maƙwabcinmu. Ya ɗora facin a kusurwar hagu, ya gyara shi, ya sake gyarawa, har ya zauna inda yake so. Sai ya ce, “Wuƙa.” Wannan ce sabuwar kalmarsa ta farko cikin wata biyu. Na dubi Goggo, Goggo ta kwance 'yar wuƙar goronta ta ba shi. Ka yi haƙuri, Malam. Ya ɗaga facin ya tsaga sabon ƙyallenka, tsawon yatsa, daidai inda tsohon ya yage. Sannan ya mayar da facin a kai, ya dube ni, ya yi alamar allura.

Na ɗinka. Goggo tana tsaye a bakin zaure kamar wancan karon, tana cewa in yi sauri, alhali ba wanda ke zuwa.

Da na gama ya nuna wurin sa kuɗi. Na ce Baba babu sule, an nema an rasa. Ya nuna cikin gida. Goggo ce ta gane. Ta shiga ɗakin Inna, ta buɗe kwallar da ba mu taɓa ba tun rasuwarta. A ƙasa akwai shuɗin zane mai ratsi da guntun baki, a kusurwarsa an ƙulle wani abu. Sulen nan ne, ladan ɗinki, ba ta taɓa kashe shi ba.

Na gaya masa makullin akwatin kuɗin ya ɓata, idan ya shiga ba ya fitowa. Ya juya shi a hannu ya fi minti biyar. Sannan ya sa, muka tura masa ƙarfen. Ƙwallayen suka gangaro da wata ƙara kamar hadari na tasowa, har awakin gida suka firgita. Ya ɗauki fara ya gangara ta da hannu. Ta tafi sak, ta hau facin, ta karkata hagu. Ya ce, “Shatu.” Ya yi dariya da rabin bakinsa.

Na dama furar Mairama ba tare da na tambaye shi ba, na ajiye a gefen teburin. Yana gangara ƙwallo yana kurɓa, har ya ga gindin kofin. Jiya ya ci tuwo loma biyar. Yau ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Tunda sule ɗaya ne kuma ya tafi, duk ƙwallon da ta faɗa rami ta koma kurkuku. Sai na toshe ramukan shida da sosan da Bashar ya manta a zaure. Ka gaya masa aikinsa bai tashi a banza ba.

Ka zo ran Juma'a. Na gaya wa Baba duk abin da ka yi, da bangon, da jakunan, ya ce, “Wawa,” sannan ya ce, “Ya zo.” Ka duba ɗinkina idan ka iso. Ya fi na Inna karkacewa, kuma ina jiran in ji ko akwai wanda zai ce a karɓe allura.

Uwargijiyarka,
Hauwa'u